Haɗa gadon katako mai ma'ajiya a gida: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawan fitowa daga bakin masu son haɗa gado mai wurin ajiya da hannunsu, da kuma masu son tsayawa a kan kafinta ya yi musu aikin yadda ya kamata. Awon da ke ciki na inci ne da ƙafa, domin da su ake ciniki a 'yan katako. Kaurin filawud, girman noti da bakin zarto ne kawai aka kawo da milimita.

Mene ne gado mai ma'ajiya, kuma iri nawa ne?

Gado ne da aka mayar da ƙarƙashinsa wurin adana kaya, maimakon a bar shi fili yana tara ƙura da takalman da aka manta da su. A ɗaki ciki da falo na gidan haya, gado ne ke cinye babban kaso na uwar ɗaka. Fili mai ƙafa 6 tsawo da ƙafa 6 faɗi ba abin yasarwa ba ne.

Iri uku aka fi yi. Akwai mai durowa, wanda ake jawo durowoyin ta gefe ko ta wajen ƙafa. Akwai mai murfi, wanda sai an ɗaga katifa sannan a buɗe allon da ke ƙarƙashinta. Sai mai ɗagawa, wanda katifar da abin da take kai suke tashi tare da taimakon sandar gas, irin wadda ke riƙe murfin but ɗin mota. Mai murfi ya fi sauƙi da araha, amma duk abin da ka sa a ciki sai ka yi niyya kafin ka ciro shi. Mai durowa ya fi daɗin amfani yau da gobe.

Wanda ba kafinta ba zai iya haɗa shi?

Zai iya, muddin ya iya awo kuma yana da haƙuri. Abin da ke kayar da sabon hannu shi ne yanka dogon filawud a miƙe da zarton hannu, kuma wannan ba dole ba ne ka yi shi da kanka. A manyan kasuwannin katako, irin su Na'ibawa 'Yan Katako a Kano, Dei-Dei da Kugbo a Abuja, ko kasuwannin Katako na Jos da Yamai, akwai masu injin yanka da na goge katako. Kai musu awonka a rubuce, su yanka, ka ɗauko guntayen ka haɗa a gida. Idan wannan ne aikinka na farko, fara da mai murfi ko mai durowa, ka bar mai ɗagawa tukuna. Dalilin yana cikin amsar da ta yi magana a kansa a ƙasa.

Da me ya kamata in fara?

Da katifa, ba da katako ba. Sunan da ake kiran katifa da shi a kasuwa ba shi ne ainihin awonta ba. Wadda ake ce wa 6 da 6, sau da yawa faɗinta inci 72 ne amma tsawonta inci 75, haka ma mai ƙafa huɗu da rabi takan zo da faɗin inci 54 da tsawon inci 75. Wanda ya yi gado inci 72 ta kowane gefe, katifarsa za ta ɗane allon ƙafa. Sa tef ka auna taka, sannan ka ƙara rabin inci a tsawo da rabin inci a faɗi, don zanin gado ya sami wurin shiga.

Bayan katifa, auna ƙofar ɗakin, da lungun da za a bi, da kwanar matakala idan bene ne. An sha ganin gadon da aka gama shi tsaf a tsakar gida, aka zo shigar da shi ƙofa ta ƙi, sai da aka sa guduma aka ɓalle shi. Daga nan ka auna filin da zai rage a gefen gadon. Durowa tana buƙatar aƙalla ƙafa 2 da rabi tsakaninta da bango ko sif kafin ta buɗu mutum kuma ya sami wurin tsugunawa.

Nawa ya kamata tsayinsa ya kai?

Daga ƙasa zuwa saman katifa, tsakanin inci 20 da 24 ya fi dacewa da yawancin mutane: ka zauna a baki tafin ƙafarka na taɓa ƙasa. Cire kaurin katifar daga wannan, abin da ya rage shi ne tsayin akwatin gadon. Katifa mai inci 10 ta bar maka inci 10 zuwa 14. Sha'awar ƙara zurfin ma'ajiya takan sa a yi gadon da sai an yi tsalle, kuma tsoho, mai ciki da ƙaramin yaro su ke shan wahalarsa.

Wane katako ya fi dacewa?

Ga ginshiƙai da duk inda nauyi zai sauka, nemi mai ƙarfi: maɗaci, ƙawo, ko iroko wanda ake kira loko. Suna da nauyi da tsada, amma ƙwaro bai cika damunsu ba, kuma suna riƙe noti shekara da shekaru. Melaina tana da sauƙin aiki da sauƙin kuɗi, tana kuma yin kyau idan ta bushe sosai. Afara da obece farare ne marasa nauyi, zarto na tafiya a cikinsu ba gardama, sai dai ƙwaro na son su ƙwarai, obece kuma bai da ƙarfin da za a ɗora masa tsakiyar gado. Su yi cikin durowa, ban da ginshiƙi.

A kowane iri ka duba gefen katakon. Farin ɓangaren nan da ke kusa da ɓawo shi ne abincin ƙwaro, ko da a jikin maɗaci ne. Ɗaga kowane katako ka kai ƙarshensa kusa da idonka ka hango tsawonsa, wanda ya karkace ka ajiye musu abinsu. Ka sani kuma 2 da 4 na kasuwa, idan inji ya goge shi, ba ya cika inci 2 da inci 4. Yi lissafinka da awon bayan gugar.

Filawud, MDF ko HDF?

Dukansu suna zuwa ne a faranti mai ƙafa 4 da ƙafa 8. Filawud siraran katakai ne da aka manna a giciye, shi ya sa yake da ƙarfi ta kowane ɓangare kuma yake riƙe sukuru. MDF garin katako ne da aka cuɗa da gam aka matse. Fuskarsa sumul take, fenti na kwanciya a kansa, amma ruwa ne ajalinsa: goge ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma kullum ya isa ya sa gindinsa ya kumbura ya fara marmashewa, kuma ba ya komawa. Sukurun da aka ɗaura a bakinsa yakan tsaga shi, in aka kwance sau biyu kuma ramin ya gama aiki. HDF ɗan'uwansa ne da ya fi shi tauri da nauyi.

Ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne. Jikin gado, filawud mai milimita 18. MDF ko HDF su tsaya a fuskar durowa da allon gado, inda ado ake nema ba ɗaukar nauyi ba. Gadajen da ake jerawa bakin titi suna ƙyalli, da yawansu MDF ne tun daga sama har ƙasa, shi ya sa tashi ɗaya daga gidan haya zuwa wani yake gamawa da su.

Yaya zan gane katako ya bushe?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma ita aka fi tsallakewa. Yawancin katakon da ake sayarwa a Arewa daga dazuzzukan da ke da damshi ake kawo shi, sau da yawa bai daɗe da fitowa daga inji ba. Sabon yanka ruwan da ke jikinsa yakan wuce kashi 30 cikin ɗari, alhali na kayan ɗaki ana so ya sauko wajen kashi 8 zuwa 12. Idan ka yi gado da ɗanye a watan Agusta, hunturu na shigowa zai tsotse ruwan. Katako kuwa ta faɗi yake tsukewa, ba ta tsawo ba, don haka sai ka ga haɗin ya buɗe baki, allo ya tsage, durowa ta karkace.

Ɗanyen katako ya fi nauyi, yana da sanyi a tafin hannu, garinsa yana dunƙulewa idan ka matse shi, kuma in ka ƙwanƙwasa shi sautin a dakushe yake fita. Busasshe yana amsawa rau. Idan ɗanye ka samu, jera shi a inuwa inda iska ke ratsawa, a ɗage daga ƙasa, ka sa 'yan sanduna tsakanin kowane layi, ka ɗora nauyi a sama. Kada ka shanya shi a rana, tsagewa zai yi. Mai kaurin inci ɗaya yana son makonni masu yawa, mai inci 2 kuwa watanni. Wanda ke haɗa kayan ɗakin 'yarsa ya sayi katako tun da aka sa rana, ba sai biki ya rage sati biyu ba.

Waɗanne kayan aiki nake buƙata?

Idan an yanka maka a kasuwa, kaɗan ne: tef na awo, fensir, sikwaya, guduma, ƙaramin zarto, sukundireba, sifana, samfefa da buroshi. Abu ɗaya da ya cancanci ka saya ko ka aro shi ne injin huda, musamman mai batir, saboda gado ɗaya yana cin sukuru sama da ɗari. Ƙarfen matse katako guda biyu ko huɗu yana taimakawa wajen gam. Sa takunkumi idan kana goge MDF, ƙurarsa ba ta da kyau ga huhu.

Wane tsari ya fi sauƙi ga gado 6 da 6?

Kada ka yi shi dunƙule guda. Yi dogayen akwatuna biyu, kowanne tsawon inci 75 da rabi, faɗin inci 24, tsayin inci 12. Ɗaya a dama, ɗaya a hagu, durowoyinsu na kallon waje. Tsakaninsu zai rage fili na inci 24 da rabi. A bayan kowane akwati, ta ciki, ka ɗaura dogon katako 2 da 2, ƙasa da saman akwatin da daidai kaurin filawud, sannan ka ɗora allo a kansu ya rufe tsakiyar ya yi daidai da saman akwatunan. Allon kai da allon ƙafa su ne za su riƙe akwatunan biyu, da noti. Filin tsakiyar nan ma ma'ajiya ce, ta manyan akwatunan tafiya da tabarmi da abin da ba a nema sai shekara-shekara.

Kowane akwati yana da sama, ƙasa, baya, da tsayayyun alluna 4: biyu a ƙarshe, biyu a tsakiya, waɗanda suka raba shi gida uku, kowane gida ɗan sama da inci 24. Waɗannan allunan su ne ƙafafun gadon na gaskiya, su ke sauke nauyi zuwa ƙasa. Da wannan awo, faranti 4 na milimita 18 za su ba ka akwatunan biyu da allon tsakiya da fuskokin durowa 6. Faranti ɗaya na milimita 12 zai yi jikin durowoyin idan zurfinsu inci 7 da rabi ne, ɗaya na milimita 6 kuma ya yi gindinsu. Allon kai da na ƙafa lissafinsu daban. Tuna wa mai inji cewa bakin zarto yana cin kusan milimita 3 a kowane yanka.

Abu biyu kafin ka yanke shawara. Idan gadon zai jingina da bango ta gefe ɗaya, akwatin wannan gefen a yi masa murfi ta sama, durowa ba za ta buɗu ba. Idan kuma za ka ajiye ƙaramar durowar gefen gado, za ta tare gidan da ke wajen kai, don haka shi ma murfi ya fi masa. A ƙarshe ka ɗora akwatunan a kan katako mai inci 2, a ɗan shigar da shi ciki, don ruwan goge ɗaki kada ya taɓa filawud, yatsun ƙafa kuma su huta da tuntuɓe. Wannan inci 2 ya shiga lissafin tsayin da aka yi bayani a sama.

Ƙusa zan sa ko sukuru? Gam fa?

Inda ba za a sake kwancewa ba, wato jikin akwatunan da durowoyi, farin gam na katako da sukuru tare. Fara huda ƙaramin rami kafin ka ɗaura, musamman a bakin filawud da jikin maɗaci, in ba haka ba ya tsage. Goge gam ɗin da ya tsatso da jiƙaƙƙen ƙyalle nan take, domin in ya bushe banish ba ya kama wurin. Ka bar shi ya kwana kafin ka ɗora masa nauyi.

Inda za a kwance ranar tashi, wato haɗin akwatuna da allon kai da na ƙafa, noti mai milimita 8 ko 10 da zoben ƙarfen da ake sa masa (wosha), ba gam ko ɗigo. Ƙusa zalla tana sassautawa da motsin yau da gobe. Kafin gam ya kama, auna akwatin daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta, ka sake auna ɗaya giciyen. In awon biyu ya zo ɗaya, akwatin ya miƙe. In bai zo ba, tura shi har ya zo, domin duk matsalar durowa daga nan take farawa.

Me ke sa tsakiyar gado ya lotsa, kuma katifa na buƙatar iska?

Tazara mai faɗi ba tare da madogara ba. Gadon da ya wuce ƙafa 4 faɗi, in dai katakan shimfiɗa ne daga gefe zuwa gefe, dole a sa masa ginshiƙi 2 da 4 a tsakiya daga kai zuwa ƙafa, a tsaye ta sirinsa, da ƙafa ɗaya ko biyu da ke taɓa ƙasa. Katakan shimfiɗar su kai inci 3 faɗi, tazarar da ke tsakaninsu kada ta wuce inci 3, in ba haka ba soso zai riƙa nutsewa a ramukan. Tsarin akwatuna biyu da aka kawo a sama ya kauce wa wannan, tunda babu inda tazara ta wuce ƙafa 2 da 'yan kai.

Iska kuwa dole ce. Gumin mai barci yana ratsa katifa, in ya tarar da rufaffen allo sai ya tsaya nan, da damina ka ɗaga katifa ka ga fumfuna. Huda ramuka masu faɗin inci ɗaya a saman allunan, tazarar kamar taƙi ɗaya, ka manna ragar sauro ta ƙasa don ƙura da ƙwari. Lokaci-lokaci a jingine katifar ta sha iska.

Me ya sa durowa take cijewa?

Ko akwatin bai miƙe ba, ko awon durowar ya kuskure, ko ƙasan ɗakin ba daidai yake ba. Ƙarfen durowa mai boris da ake ɗaurawa a gefe yana buƙatar rabin inci cif a kowane ɓangare, wato durowar ta gaza gidanta da inci ɗaya daidai. Ga akwati mai faɗin inci 24, sayi ƙarfe mai inci 22. Don ƙarafan biyu su zauna a tsayi ɗaya, yanki guntun katako ka riƙa ɗora su a kai kana ɗaurewa, ya fi awo da fensir. Mai kyau daga cikinsu yana ɗaukar kilo 35 zuwa 45, siririn farin nan mai tayar roba kuwa na durowar tebur ne, barguna za su lanƙwasa shi.

Akwai hanyar da ta fi wannan sauƙi idan ɗakin tayil ne ko siminti mai santsi: a bar akwatin ba gindi, a sa wa durowar ƙananan tayoyi huɗu ta riƙa gudu a ƙasa. A kan kafet ko leda ba ta tafiya da daɗi.

Mai ɗagawa fa, yana da haɗari?

Yana da shi idan aka yi ganganci. Ƙarfin sandar gas a rubuce yake a jikinta da lamba da harafin N, kuma dole ya dace da nauyin katifa da firam ɗin da ke ɗauke da ita. In ya gaza, murfin zai faɗo a kan mai neman kaya. In ya yi yawa, gadon ba zai zauna a rufe ba. Auna nauyin katifarka kafin ka je saye, ka sayi sandunan biyu tare da ƙarafansu saiti guda, a ɗaura su da noti a jikin katako mai ƙarfi, ba a jikin MDF ba. Kada a gwada su babu katifa a kai, firam ɗin zai yi sama da ƙarfi.

Sandar gas tana yin sanyi da shekaru, don haka a tanadi sandar katako ta tokarewa. Gidan da ke da yara masu wasan ɓuya, a sa makulli, kuma ramukan iskar da aka ambata a amsar katifa kada a bar su.

Yaya zan kare shi daga gara da kuɗin cizo?

Gara daga ƙasa take tasowa, ta tsagar siminti ko gindin bango, don haka toshe tsagar kafin ka ajiye gado, kuma ka bar ɗan fili tsakaninsa da bango. Ƙwaron cikin katako daban ne: alamarsa ƙananan ramuka da gari mai laushi da ke zuba a ƙasa. Katakon da ya nuna wannan alama tun a kasuwa kada ya shigo gidanka. Ana shafa wa katako ruwan boras, wani farin gari mai kashe ƙwari da ake narkawa a ruwa, kafin fenti, ba shi da wari. Baƙin mai da maganin katakon rufi masu ƙarfin wari ba na abin da mutum zai kwana a kai ba ne.

Kuɗin cizo ba katako yake ci ba, mafaka yake nema. Duk tsaga da ramin sukuru a cike su, a shafe ciki da waje. Allon gado mai soso da yadi da maɓallai yana da kyau a ido, amma in suka shige shi fitar da su aiki ne. Wannan ma wani amfani ne na gadon da ake kwancewa da noti, kamar yadda aka faɗa a amsar ƙusa da sukuru: ana iya fitar da shi rana gunduwa-gunduwa.

Fenti ko banish?

Maɗaci da iroko banish suke so, don ƙirar jikinsu ta fito. Filawud na gama-gari da MDF fenti ya fi rufa musu asiri. Goge da samfefa mai lamba 80, sannan 120, sannan 180 ko 220, kana bin tsawon katakon. Shafi siriri sau uku, da 'yar guga tsakaninsu, ya fi mai kauri sau ɗaya. Ranar da ƙurar hunturu ta taso ko hadari ya haɗu, a haƙura. Cikin durowa shafi ɗaya ya isa, kuma a bar ta a buɗe har warin ya fita gaba ɗaya, in ba haka ba atamfofi za su kwashe shi.

Me bai kamata a ajiye a ciki ba?

Abinci da hatsi, domin gayyatar ɓera da kyankyaso ne. Fetur, kananzir da maganin ƙwari irin fiya-fiya. Batir ko fitilar da ke caji. Kayan da ba su gama bushewa ba. A yi hattara da ƙwallayen kafur da ake jefawa cikin tufafi: yara na ɗaukarsu alewa, kuma suna iya jawo wa wasu jarirai shawara mai tsanani, don haka kada su kusanci kayan jariri. Kaskon turaren wuta da maganin sauro na kunnawa su ma a nisanta su, gado cike da barguna ga katifar soso a sama ba ya son ko tartsatsi.

Gadon ya fara ƙara, me zan yi?

Katako biyu ne ke gugar juna, ko noti ya sassauta. Bayan hunturun farko a bi duk notin da sifana a ƙara ɗaure su, wannan kaɗai yakan kashe ƙarar. Idan ta ci gaba, sauke katifa, ka riƙa danna wuri-wuri har ka gano inda take fitowa, ka goga kyandir a wurin ko ka sa siririn ƙyalle a tsakani. In gadon na rawa ne saboda ƙasa ba daidai ba, guntun roba a ƙarƙashin kusurwar da ke lilo ya wadatar.

Yin sa a gida ya fi saye araha?

Ba kullum ba. Idan ka kwatanta da na MDF da ke bakin titi, naka na filawud zai iya fin sa tsada, sai dai araha ba ta ado. Farashin katako yana motsi da kuɗin mota da canjin dala, don haka rubuta jerin kayanka, ka zaga rumfa uku kafin ka ciro kuɗi. Abin da ake mantawa a lissafi su ne kuɗin yanka, ladan ɗauko kaya, ƙarafan durowa saiti 6, hannaye, gam da fenti, kuma in aka tara su ba ƙaramin kaso ba ne. Idan kuɗin bai kai ba, yi akwatunan biyu da gidajensu a buɗe, ka zura kwanduna ko jakunkuna a ciki, durowoyin ka ƙara su ɗaya bayan ɗaya. Awon gidajen dai a yi shi daidai tun yanzu.